Ina da digirin laburare daga gida, amma a New York an ce sai na yi lasisi. Wa ya taɓa bin hanyar nan?

Maman Ikram:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya tsaya mini a rai. Na gama digirin farko a fannin laburare a wata jami'ar arewa a 2012, na yi bautar ƙasa, na riƙe laburaren wata sakandaren kuɗi shekara huɗu, sannan aure ya kawo ni Amurka. Yanzu ina aikin taimakon malamai a wata makarantar gwamnati a Bronx, ina bin wani yaro mai buƙata ta musamman daga aji zuwa aji. Matar da ke riƙe da laburaren makarantar za ta yi ritaya ƙarshen zangon nan. Na yi ta maza na je wajen shugabar makaranta da kwalina a cikin leda, na ce ai ni ma wannan na karanta. Ta karɓa, ta juya shi gaba da baya, ta yi murmushi ta ce kwali ne mai kyau, amma ina lasisin jiha? Ta rubuta mini sunansa a 'yar takarda: Library Media Specialist. Tun ranar nake karance-karance, kowane shafi da abin da yake faɗa. Don Allah wanda ya san hanya ya kama hannuna. Shin shekara huɗun da na yi a jami'a sun tashi a banza ne?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. To fa! Jera littafi a kanta ma sai da lasisi? Ni da na ɗauka lasisi na direbobi ne da masu kemis. Anti ki dawo gida, nan ko takardar firamare ba za a tambaye ki ba, mukulli kawai za a miƙa miki.

Hajiya 'Yar Kumasi:
Ɗan Fagge, bari ta samu amsa tukuna, ka yi tsokanarka daga baya. Ƙanwata, ni na bi hanyar, yanzu shekara shida ina riƙe da laburaren wata sakandare a nan New York. Abu na farko da za ki sa a ranki: a ƙasar nan mai laburaren makaranta malami ne. Takardar da ake nema a wajenki lasisin koyarwa ce, irin wadda malamin lissafi ko na tarihi yake da ita, sai dai fanninki laburare. Da zarar kin gane wannan, rabin ruɗanin ya tafi. Ni wata shida na ɓata ina neman ƙungiyar masu laburare ta yi mini rajista, alhali ba su ke ba da izinin ba, ma'aikatar ilimi ta jiha ce.

Abu na biyu, babu lasisi ɗaya na Amurka duka. Kowace jiha da nata. Shi ya sa kika ga shafuka suna saɓa wa juna, wani yana maganar Texas ne, wani Kalifoniya, ke kuma kina New York.

Kwalinki bai tashi a banza ba. Za ki kai shi a tantance, a tabbatar daidai yake da digirin farko na nan, da shi za ki nemi gurbin mastas. Amma mastas ɗin ba makawa. A nan digiri na biyu ne ƙofar shiga aikin laburare, ba na farko ba.

Maman Ikram:
Hajiya Allah ya saka da alheri. To amma duk abin da za su koya mini a mastas ɗin ai na yi. Na yi tsara littattafai, na yi katalog da hannu, har yau tsarin Dewey na ba littattafai lamba a kaina yake.

Malam Mai Ritaya, Zariya:
'Yata, wannan gardamar ta girme ki, mu ma mun tarar da ita. Makarantar koyon aikin laburare ta farko a Najeriya ta Ibadan ce, ta fara ɗaukar ɗalibai a 1960 da tallafin gidauniyar Carnegie ta Amurka, kuma ta karkata ga cewa mutum ya fara yin digiri a wani fanni sannan ya zo ya koyi laburare a sama. Da aka buɗe sashen laburare na jami'ar Zariya a 1968 sai aka ce a'a, arewa na bukatar ma'aikata da yawa kuma da wuri, a fara tun daga digirin farko. An yi shekaru ana ja-in-ja a tarukanmu, wasu na ganin an zubar da darajar aikin. A ƙarshe tsarin Zariya ne ya yi rinjaye, jami'o'i suka bi. To ke kin tashi daga ƙasar da ta zaɓi tsarin Zariya kin je ƙasar da ta tsaya a kan irin na Ibadan. Ba raini ba ne, kowane gauta da jansa. Ki yi haƙuri ki shiga aji.

Kuma tunda kin ce Dewey a kanki yake, ina za ki ajiye littafin adabin Hausa?

Maman Ikram:
Baba, 893 mana, ba 896 ba. Hausa tana cikin dangin harsunan da ake kira na Cadi, ba a haɗa ta da sauran harsunan Afirka a can.

Malam Mai Ritaya, Zariya:
Madalla. An koyar da ke. Da yawa a nan suke faɗuwa.

Hajiya 'Yar Kumasi:
To kin ga irin wannan zai sa kwas ɗaya ko biyu su zo miki da sauƙi, amma ki yarda da ni, ba shi ne aikin ba. A makarantarmu littattafai sukan zo da lambarsu a manne, manhajar Destiny ce ke riƙe da katalog. Ranar Talata da ta wuce, kafin ƙarfe goma na safe, na koyar da aji biyu. 'Yan aji tara ne, malamar tarihi ta kawo su suna rubutu kan cinikin bayi. Na haska musu shafuka uku a allo, ɗaya na gidan tarihi, ɗaya na wani mai sayar da riguna da ya cusa tarihi a ciki, ɗaya kuma na'ura ce ta rubuta shi, na ce su gaya mini wanne za su dogara da shi kuma don me. Wani yaro ɗan Gambiya ya ce na ukun, saboda ya fi iya Turanci. Minti ashirin muka yi a kan wannan amsar tasa kaɗai. Bayan sun fita na karɓi kwamfutocin ɗalibai na Chromebook guda bakwai da suka lalace, na rubuta wa iyaye biyu wasiƙa, na zauna da malamin kimiyya muka tsara darasin mako mai zuwa. Ban taɓa kantar littattafai ba sai bayan azahar.

Abin da mastas ɗin zai ba ki ke nan: yadda ake tsara darasi, yadda ake riƙe aji, adabin yara da na matasa, koyar da yaron da Turanci ba harshensa ba ne, da dokokin masu buƙata ta musamman. Wannan na ƙarshe ma ke kin fi 'yan ajinku saninsa, tunda shi kike yi kullum.

Baban Sadik, Houston:
Sallama ga kowa. Maman Ikram ki gode wa Allah a New York kike. Mu nan Texas sharuɗɗa huɗu ne: mastas, kammala shirin horo da jiha ta amince da shi, cin jarrabawar jiha, sannan shekara biyu kana malamin aji. Wato ba ka isa ka taɓa laburare ba sai ka sha alli tukuna. Kalifoniya ma sai kana da lasisin koyarwa a hannu kafin a ɗora maka na laburare. Ku kuwa kuna iya shiga kai tsaye ta hanyar mastas ɗin.

Amma ni shawarata dabam ce, kuma na san ba za ta yi daɗi ba. Ki yi lasisin koyar da masu buƙata ta musamman kawai. Kullum ana neman su. Laburare shi ne wuri na farko da almakashi ke sauka idan kuɗi ya yi ƙasa. A nan Houston, a 2023, bayan jiha ta karɓe ragamar makarantun gundumar ta naɗa Mike Miles ya shugabance su, aka cire masu laburare a makarantu 28, aka mayar da ɗakunan wajen zaman ɗalibai har da waɗanda aka fitar daga aji. Mutane masu mastas da lasisi, dare ɗaya aka ce su nemi wani gurbi. Ka kashe dubban daloli ka zo ka tarar da haka?

Hajiya 'Yar Kumasi:
Baban Sadik, ba ƙarya ka faɗa ba, amma kada ka auna mana da mudun Texas. A jihar New York ƙa'idar ma'aikatar ilimi ta wajabta wa makarantun sakandare su ɗauki mai laburare mai lasisi, yawan sa'o'insa gwargwadon yawan ɗalibai. Firamare ce ba a wajabta wa ba. Ban ce kowace makaranta na bin ƙa'idar ba, da yawa ba sa bi, kuma wani dalilin da suke kawowa shi ne ba su samu mai lasisin ba. To ga wata tana son ta yi, sai mu kashe mata gwiwa?

Baban Sadik, Houston:
Hajiya ba kashe gwiwa ba ne, lissafi ne. Mace da yara, da haya irin ta Bronx.

Ɗan Fagge:
Ni dai har yanzu ban ga abin da ya kai a yi mastas ba. A makarantar da na yi, laburaren ɗaki ne mai ƙofar ƙarfe, mukullin na hannun malamin Turanci. Sau ɗaya na shiga a shekara shida, ranar da baƙi za su zo aka sa mu share. Buhunan siminti ne a gefe, da karyayyun kujeru, da wasu kundaye da gara ta cinye rabi. Kuma ga shi mun fito mun zama mutane.

Malama Hauwa'u, Kaduna:
Ɗan Fagge, ai abin da ka faɗa hujja ce a kanka, ba taka ba. Ɗakin ya zama ma'ajin siminti ne saboda babu wanda aikinsa ke nan. Malamin Turanci yana da azuzuwa shida, yaushe zai buɗe? Kuma kada ka ɗauka mu ba mu da dokokin. Muna da su har biyu. Akwai LRCN, hukumar rajistar masu aikin laburare, dokar da ta kafa ta ta 1995 ce, sai kana da digiri a fannin take yi maka rajista. Akwai TRCN ta malamai, tun 1993, ita har jarrabawa ake zaunawa. Matsalar ita ce mai laburaren makaranta ya faɗa tsakaninsu. In ka yi digirin laburare zalla, kai ba malami ba ne sai ka ƙara PGDE, difulomar koyarwa ta bayan digiri. In ka yi NCE kana koyarwa, kai ba mai laburare ba ne a idon LRCN. Ni sai da na yi duka biyun, kuma ranar da aka tura ni makaranta babu wanda ya tambayi ko ɗaya. Aka ce tunda babu malamin addini, in riƙe.

Abin da Hajiya ta ce ya burge ni shi ne can sun yanke hukunci: malami ne, ga lasisinsa guda ɗaya, an gama.

Malam Mai Ritaya, Zariya:
Hauwa'u kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Kuma kalmar nan ta "media" da ke ba Maman Ikram tsoro ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Jami'ar Ibadan ta buɗe cibiyar Abadina tun 1974 don wannan aikin, laburaren yara mai haɗe da kaset da majigi da hotuna, kuma ƙungiyar laburaren makarantu ta Najeriya ta kafu a 1977. Mun fara da wuri, sai muka zauna.

Hajiya 'Yar Kumasi:
Baba su ma nan sunan ya tsufa. Ya samo asali ne lokacin da laburare ya fara ajiye faifai da majigi. Ƙungiyar masu laburaren makarantu ta Amurka, AASL, ta koma kiran mu "school librarian" tun 2010, amma takardun jihohi da yawa har yau tsohon sunan ke kai. Ƙanwata, in kina bincike ki gwada sunayen duka biyu, aiki ɗaya ne.

Bari in jero miki yadda na bi, ki gyara da abin da ya canza, don dokokin nan ba sa zama wuri ɗaya. Ki fara da takardar sakamakonki ta jami'a, tiranskirif, yau ba gobe ba. Kamfanonin tantancewa irin su WES ba sa karɓa daga hannunki, sai jami'ar ta aika da kanta. Tawa sai da ƙanena ya yi sawu ya fi goma, wata tara kafin ta fito. Kuma kafin ki biya kowa, ki tambayi jami'ar da za ki shiga wane kamfani take karɓa.

Sai zaɓen makaranta, nan ne mutane ke faɗawa rami. Tambaya biyu za ki yi. Shin ƙungiyar laburare ta Amurka, ALA, ta amince da mastas ɗin? Shin jihar New York ta yi wa shirin rajista a matsayin mai kai mutum ga lasisin laburaren makaranta? Ba abu ɗaya ba ne. Akwai wata da muka yi karatu tare, ta yi mastas mai kyau ta intanet daga wata jiha, ta gama ta tarar ya isa aikin laburaren gari amma bai isa na makaranta ba, ta dawo tana cike gurbi da kwasa-kwasai. Queens College na CUNY, jami'ar birnin New York, yana da shirin, Syracuse da Buffalo ma suna da shi. Galibi kiredit 36 ne. Ki gaya musu tun farko ba ki da lasisin koyarwa, don masu shi da marasa shi ba hanya ɗaya suke bi ba.

Jarrabawa kuma, kada ki sayi littafin jarrabawar Praxis. Jihohi da yawa ita suke yi, amma New York tana da nata: EAS, wadda kowane malami ke yi, da ta fannin laburare. Akwai kuma gajerun bita na dole, na gane yaron da ake cutarwa a gida, na hana tashin hankali a makaranta, da DASA ta sa'a shida kan tsangwama. Hoton yatsu kin riga kin yi tunda kina aiki a makaranta. Komai ta shafin TEACH na ma'aikatar ilimi ta jiha ake bi. Lasisin farko na shekara biyar ne, a cikinsu ki tara shekara uku na aiki ki nemi na gaba.

Maman Ikram:
Hajiya na kwafe duka a littafi. Abin da ya fi tsorata ni aikin gwaji ne. An ce sai na je na zauna a laburaren wata makaranta ƙarƙashin mai lasisi, firamare da sakandare, kuma ba biya. In na bar aikina wa zai biya haya?

Hajiya 'Yar Kumasi:
Nan ne wuyar take, ba zan ɓoye miki ba. Ni adashi na shiga shekara guda saboda wannan zangon kaɗai, kwasata ta zo daidai lokacin. Amma ke kina da abin da ban samu ba: mai lasisi tana ginin da kike aiki. Ki je ki gaishe ta gobe, ki tambaye ta ko za ki riƙa taya ta lokacin hutun cin abinci. Ko jami'a ba ta lissafa miki sa'o'in ba, za ta rubuta miki takardar shaida, kuma ita ta san duk masu laburaren gundumar. Ki kuma tambayi ƙungiyar ƙwadagonku, akwai tallafin karatu da ake ba masu irin aikinki.

Ustaz Na Maraɗi:
Assalamu alaikum. Ban san aikin laburare ba, amma na ga ana ta zagaye maganar kuɗi. 'Yar uwa, bashin karatu na gwamnatin Amurka akwai ruwa a kansa. Ki yi tunani kafin ki sa hannu.

Baban Sadik, Houston:
Ustaz akwai tsarin yafe bashi ga ma'aikatan gwamnati, in ka biya sau 120 kana aiki a makarantar gwamnati ana yafe ragowar.

Ustaz Na Maraɗi:
Sau 120 shekara goma ke nan kana biya da ruwan a ciki. Yafe ragowa bai canza abin da aka sa wa hannu ba. Ban ce ga fatawa ba, na ce ta tambayi malamanta.

Maman Ikram:
Ustaz na gode, mun riga mun yi maganar da maigida, ba za mu ci bashi ba. Kwas ɗaya ko biyu a zango, abin da aljihu ya iya. In ya kai shekara huɗu ya kai.

Ɗan Fagge:
Shekara huɗu! Kafin nan ai an ba wani kujerar.

Malama Hauwa'u, Kaduna:
Sai me? Makarantar ɗaya ce a garin?

Baban Sadik, Houston:
Tunda kin yanke, ga abu ɗaya da ba wanda ya ambata. Ki shirya wa rigimar littattafai. Iyaye na zuwa su ce a cire littafi kaza, kuma wani lokacin ke kanki a matsayinki na musulma ba za ki so 'yarki ta karanta shi ba. Ya za ki yi?

Hajiya 'Yar Kumasi:
Wannan ta same ni a shekarata ta biyu, kuma uban ɗan garinmu ne, da Hausa ya yi mini faɗan. Ya ajiye littafin a teburina ya ce Hajiya ke ma? Na zaunar da shi, na ce yana da iko a kan abin da 'yarsa za ta ara, zan kuma kiyaye. Amma cire shi daga kanta ba a hannuna yake ba, akwai fom, akwai kwamitin da zai karanta littafin duka ya yanke. Na ba shi fom ɗin. Na kuma nuna masa kantar 297, lambar Musulunci a Dewey, na ce da irin wannan ƙa'idar ce na hana a taɓa littattafan Musulunci ranar da wata uwa ta zo da nata ƙorafin. Bai ji daɗi ba, har yau gaisuwarmu a masallaci sama-sama ce. A mastas akwai kwas guda a kan wannan, amma ba a koya miki yadda za ki yi idan mai ƙorafin ya san mijinki.

Malam Mai Ritaya, Zariya:
Wannan kam babu shi a Dewey.

Maman Ikram:
Jama'a na dawo da labari. Na je wajen matar yau da hutun rana. Ashe ta daɗe tana lura da ni, ta ce ni kaɗai ce nake mayar da littafi gurbinsa in na kawo yaron. Ta ba ni Laraba da Juma'a in riƙa taya ta, ta kuma ce in an rasa mai lasisi wataƙila wani malami za a ba riƙo, kada in sa rai da kujerar bana. Na kira yayana a gida, gobe zai je jami'a kan tiranskirif. Hajiya, don Allah littafin shirin EAS ɗin naki yana nan?

Hajiya 'Yar Kumasi:
Yana nan, sai dai tsohon bugu ne, kuma jikana ya yi zane a bangon. Ki same ni ranar Asabar bayan la'asar, ki taho da kwalin naki in gani.

Ɗan Fagge:
Anti in yayan naki ya gaji da sawu a turo mini, ina da babur. Kuɗin mai kawai.